Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Majalisar Masarautar Zazzau Kan Wuraren Tarihin Da Ake Wucewa A Bakin Hanya

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Mai Martaba lafiya da nisan kwana. Gaisuwa ta girmamawa ga 'yan majalisa, da hakimai, da dagatai, da masu unguwanni. Muna fatan wasiƙar nan ta isa ga shugabannin ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari, da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, da masu kula da al'adu da yawon buɗe ido a Jihar Kaduna, domin kowa na da nasa kason a aikin. Amma fada muka fara dosa, saboda a ƙasar Zazzau maganar da ta biyo ta bakin mai unguwa ita ke shiga zaure.

A cikinmu akwai magina na gargajiya, akwai masu raka baƙi, akwai malamai da ɗaliban tarihi da na zanen gini. Abin da ya haɗa mu shi ne ƙananan wuraren nan na ban mamaki da ke warwatse a gefen titunan Zariya da kewayenta, waɗanda ba su da allo, ba su da mai tsaro, kuma ba a rubuta su a ko'ina ba. Dubban matafiya na bin hanyar Kaduna zuwa Kano ta Ɗanmagaji da Kwangila, su hango Dutsen Kufena ta tagar mota, su wuce ba tare da sanin cewa a gindinsa akwai ragowar ganuwar tsohon mazauni ba. Abin da muke son gabatarwa shi ne, yawancin wuraren nan ba rashin biliyoyi ke kashe su ba. Toshewar indararo ce, da yaɓen siminti a kan jar ƙasa, da rashin mutum guda da za a ce wannan wurin amanarsa ce.

Ran Sarki ya daɗe, mu fara da abin da ya fi saurin ɓacewa, wato zanen fuskar gidaje a cikin Birni da Tudun Wada. Maginan Zariya sun yi suna wajen ƙawata ƙofar zaure, kuma ba dagi da takobi kaɗai suka tsaya a kai ba. Da zamani ya shigo, sai suka riƙa fitar da keke da agogo da mota da jirgin sama a jikin bango, wani da ɗanyen yaɓe da aka tayar da hannu, wani kuma an karta shi a kan siminti kafin ya bushe aka bi shi da launi. Baƙo daga wata ƙasa yakan tsaya a gaban irin wannan bango ya fi tsayuwar da zai yi a gaban babban bene. Yau ana fasa fuskar zauren a fitar da shago, ko a shafe ta da fenti mai maiƙo, wanda ke toshe numfashin ƙasa har ya ɓamɓaro tare da zanen bayan damina ɗaya ko biyu. Ba ma neman a hana mai gida gyara gidansa. Muna roƙon a umarci masu unguwanni cewa kafin a rushe ko a shafe bango mai zane, a ba da sanarwar mako biyu. A cikin makonnin nan za a ɗauki hotonsa daga gaba da kuma gefe biyu, da sanda mai tsawon mita ɗaya a jingine don a san girmansa, a kuma shimfiɗa leda mai haske a kwafi zanen da alƙalami. Hoton ana ɗaukarsa ne lokacin da hasken rana ke zuwa wa bangon a karkace, domin idan ya doke shi kai tsaye inuwar zanen ɓacewa take yi, bangon ya fito sumul.

Sai ganuwa. Da'irarta ta haura kilomita 14, kuma tana cikin jerin kayan tarihi na ƙasa da dokar 1979 ta hana a rushe ko a ɓata, tare da Dutsen Kufena da Masallacin Haɓe na Maigana. Sunayen ƙofofin suna bakin kowa: Doka, Kibo, Jatau, Kuyambana, Gayan, Kona, Galadima da Bai. Abin da ke cin ganuwar ba ɓoyayye ba ne. Ana haƙar ƙasarta a buga bulo, ana jingina gini a jikinta, ana zuba shara a gindinta, sharar ta tare ruwa, ruwan ya kwanta ya ci tushe, sai saman ya zubo. Kowa ya san ba za a iya tayar da ita duka ba, kuma mu ma ba mu goyon bayan a yi mata sabon jiki na bulo da siminti a kira shi ganuwa. Abin da zai yiwu shi ne a zaɓi wurare uku ko huɗu da tudunta ke nan da sauran tsayi, kowanne mai tsawon mita 50 zuwa 100, a kafa turakun kankare a nisan mita 5 daga gindinta ciki da waje, a kwashe shara, a fitar wa ruwa hanya ta yadda zai gangara nesa da ita. Bishiyar da ta tsiro a kanta, musamman dalbejiya, kada a tumɓuke ta da saiwa, domin za ta taho da rabin bangon. A sare ta daidai ƙasa, a riƙa datse tohon har kututturen ya mutu, sannan a cike ramin da ƙasa mai ƙarfi.

Maganar yaɓe muna so mu ɗan daɗe a kanta, don a nan ne masu kyakkyawar niyya suka fi yin ɓarna. Ginin ƙasa na shan danshi da damina ya fitar da shi da rani. Idan aka lulluɓe shi da siminti, simintin ba ya motsi tare da ƙasa, sai ya tsage siririyar tsaga. Ruwa ya shiga ta nan ya rasa hanyar fita, ƙasar ta ruɓe a ciki alhali waje na sheƙi, kamar tufafi mai kyau a kan gyambo. Alamar farko ita ce idan aka ƙwanƙwasa bangon sai a ji shi fanko. Gyaran da ya dace shi ne na iyaye da kakanni. A samo jar ƙasa irin ta ainihin ginin, a jiƙa ta, a tattake da ciyawa yankakka, a bar ta ta kwana biyu ko uku, a sake jiƙawa a sake tattakewa har ta yi danƙo. Inda bango ya zube a cike da tubali busasshe, wanda ya sha rana kamar mako biyu, ana jera shi ƙasansa mai faɗi a ƙasa, ana bin kowane layi da kwaɓi, kuma kada a ɗora layi da yawa a yini ɗaya, domin na ƙasa bai gama ɗaukar nauyi ba. Daga sama a bi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Rufi da rawanin gini kuwa laso suke so, wato shafen gargajiya mai hana ruwa shiga.

Laso shi ne ya kai mu ga marina. Da katsi ake haɗa shi, wato dagwalon da ke kwantawa a ƙasan karofi, a kwashe a busar a ƙona a daka, a gauraya da gashin jima da ruwan dafara. Duk karofin da aka cike da shara, an rage wa magina katsi ke nan. Saboda haka rijiyoyin rini da suka rage a Birni abin kallo ne ga baƙo, kuma su ne tushen kayan gyaran tsofaffin soraye. Muna roƙon a ƙidaya su, a katange bakin waɗanda aka daina aiki da su saboda yara, a kuma tallafa wa ko da marina ɗaya ta ci gaba da rini da baba.

Bayan ruwa, abu na biyu da ke kayar da soro shi ne nauyi. Azarar giginya na ɗaukar faɗin kimanin mita 1.8 ba tare da tallafi ba, shi ya sa magina ke ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga, wato nau'o'in baka na gini masu ɗaukar rufi, idan ɗaki ya fi haka. An auna su ne da kaurin ƙasar da aka ɗora musu tun farko. Idan kowace shekara aka ƙara sabon yaɓe a kan rufi ba a kankare tsohon ba, bayan shekara goma azarar na ɗauke da abin da ba a yi ta dominsa ba, kuma ƙasa idan ta sha ruwan Agusta nauyinta ƙaruwa yake yi. Ga gara kuma tana aikinta a kan azarar da ke cikin bango inda ido ba ya kaiwa. Masallacin Juma'a na fada, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830 a zamanin Sarki Abdulkarimu, masana gini na duniya sun daɗe suna zuwa kallon bakansa. A watan Agustan 2023 wani sashensa ya rufta ana sallar La'asar, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu da rahama. Bayan wannan rashi bai kamata a bar wani tsohon soro da jama'a ke taruwa a ƙarƙashinsa ba tare da dubawa ba. Duba kuwa ba ta da tsada. A nemi garin itace a ƙasa, a nemi hanyar gara a jikin bango, a ja zare daga bango zuwa bango a ga ko azara ta lanƙwasa. Duk tsagar da aka gani a ja layi biyu da fensir a gefenta, a rubuta kwanan wata, a auna tazarar kowane mako da damina. Idan ta buɗe, a rufe ɗakin a tokare rufin nan take, a kira magini da injiniya tare.

Lokacin aikin ma ƙayyadadde ne. Duba a Oktoba da Nuwamba bayan ɗaukewar ruwa, buga tubali daga Disamba zuwa Fabrairu, yaɓe a Maris da Afrilu, a gama kafin ruwan Mayu ya zauna. Da damina kuma a hau a share indararo kowane mako. Kuɗin gyaran da ya fito a watan Yuli ya makara, gara a ajiye shi zuwa kaka.

Akwai wuraren da ba na masarauta ba ne kai tsaye, amma kalmar fada za ta buɗe ƙofarsu. Cocin St. Bartholomew da ke Wusasa, ginin ƙasa ne na 1929 a kan salon ginin Hausa, daga zamanin da mishan ɗin Dakta Miller, likita ɗan Birtaniya, ya koma can daga cikin Birni. A Wusasa ɗin Janar Yakubu Gowon ya tashi. A Tukur-Tukur akwai ginin Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, tsohon gidan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita. Yaro ɗan makaranta na wucewa ta gabansa bai san irin rawar da wurin ya taka a rubutun Hausa na boko ba. A Sabon Gari ga tashar jirgin ƙasa, wadda dogo ya iso a 1911, kuma daga nan ne wani siririn layi mai faɗin ƙafa biyu da rabi ya tashi zuwa Jos da Bukuru don kwaso kuza, ya yi aiki daga 1914 har aka rufe shi a 1957. A Samaru, cikin Jami'ar Ahmadu Bello, ga lambun sassaƙe-sassaƙe na sashen zane, ga kuma gidan wasan kwaikwayo da aka gina da ƙasa a shekarun 1970 a siffar gidan Bahaushe mai ɗakuna kewaye da tsakar gida. Kowanne daga cikinsu allo ɗaya da mai riƙe makulli ɗaya yake buƙata.

Allon ma akwai yadda ake yinsa. Na ƙarfe ba ya daɗewa, domin 'yan jari-bola na cire shi, wanda ya tsira kuma rana ta cinye rubutunsa ko a liƙe shi da fastar siyasa. Muna ba da shawarar ginshiƙin kankare mai tsayin mita 1.2 da faɗin santimita 90, fuskarsa a ɗan kwance, a sassaƙa haruffan a ciki tun yana ɗanye ta yadda ko fenti ya goge rubutun na nan. A kafa shi aƙalla mita 2 daga tsohon bango, kada a taɓa buga ƙusa a jikin ginin ƙasa. Rubutu kada ya wuce kalma 80, da Hausar boko da Ajami da Turanci. Ajamin kada a raina shi, domin dattawan unguwa da almajirai su ne maƙwabtan allon, kuma abin da mutum ya iya karantawa ya fi kare shi. A bakin babban titi kuma a sa alamar kwana tun saura mita 200, tare da wurin da mota uku za su iya fakewa a sauka daga kwalta, don tsayawa ba zato a hanyar da tirela ke gudu hatsari ne.

Abin da za a rubuta a allon shi ma amana ne. A raba abin da aka tabbatar da abin da ake faɗa a baki. Turunku, a Ƙaramar Hukumar Igabi, ana danganta ta da Bakwa Turunku da Sarauniya Amina, kuma labarin baka ya ce sunan Zariya daga ƙanwar Amina aka samo shi. A rubuta haka yadda yake, a ce "labarin baka ya nuna", kada a ƙaƙaba masa shekara da wata don ya yi daɗin ji. Mai raka baƙi da ke ƙara gishiri yana samun tukuici yau, amma baƙon da ya je ya bincika ba ya dawowa, ba ya kuma turo wani.

Kufena na buƙatar tsari nasa. Dutse ne sulɓi, kuma da damina gansakuka na sa shi santsi sosai, don haka daga Yuli zuwa Satumba hawa sai da mai rakiya, kuma kada a hau bayan ruwa ya sauka. Da hunturu hazo na rufe gari, mai hawa ba ya ganin abin da ya hau dominsa. Ƙarshen Oktoba da Nuwamba ne suka fi kyau. Da bazara a fara kafin ƙarfe 7 na safe a sauko kafin 11, kowa da ruwan sha lita biyu da takalmi mai ƙasan roba, ban da silifas. Ɗaliban makaranta kada su wuce goma ga malami ɗaya. A shata hanyar hawa ɗaya da tarin ƙananan duwatsu maimakon fenti, a hana rubuta suna a jikin dutse, a hana kwasar fasassun tukwane da ake gani a ƙasa, domin katangar tukunya ɗaya idan ta bar inda take ta daina ba mai bincike labari. A kuma shata iyakar da ba za a fasa dutse ko a yanka fili a cikinta ba. Zuwa Maigana ta hanyar Soba, ko Turunku, da rana ake yinsa, kuma a sanar da mai gari kafin a isa.

Ladabin ziyara shi ma a rubuta shi, don yawancin wuraren nan gidajen mutane ne ko wuraren ibada. Baƙo ya yi sallama ya tsaya a zaure, ya nemi izini kafin ɗaukar hoto, kada ya ɗauki mata da yara. Masallaci ba a kai masa ziyarar kallo ranar Juma'a da rana ko lokacin salla, coci kuma ranar Lahadi da safe. Kusa da barikin soja da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a ajiye kyamara. 'Yan acaɓa da masu Keke Napep na Ƙofar Doka da Ɗanmagaji da Kwangila da PZ su ne baƙo ke fara tambaya. A zaɓi biyar a kowace tasha ta hannun shugabanninsu, a ba su horon kwana biyu da katin shaida da taswira mai shafi ɗaya, a kuma manna farashin zagaye a fili don a kauce wa cacar baki.

Kuɗin shiga, idan za a karɓa, ya zama kaɗan kuma da rasit, ɗalibai su biya rabi. A ganinmu rabin abin da aka tara ya shiga asusun gyaran wurin, sauran a raba tsakanin mai riƙe makulli da mai shara, a kuma karanta lissafin a gaban mai unguwa duk wata uku. Mai gidan da aka hana shi komai kuma ake kawo masa baƙi kullum, wata rana da kansa zai goge zanen don ya huta.

Duk wannan ba zai tsaya ba sai da rajista. Shafi ɗaya ga kowane wuri: sunansa, unguwarsa, mai shi, lambobin taswira da waya ke bayarwa, hotuna huɗu, halin da yake ciki, da sunan wanda aka danƙa wa amanarsa. A sa har da tsofaffin rimaye, tunda unguwanni irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko da bishiyar nan ake kiransu. Ɗaliban sassan tarihi da binciken kayan tarihi da zanen gini na Jami'ar Ahmadu Bello da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli za su iya aikin a hutu ɗaya, idan an haɗa kowace tawaga ta mutum uku da dattijon unguwa da magini. A yi kwafi uku, ɗaya a fada, ɗaya a jami'a, ɗaya a hannun hukumar gidajen tarihi, a kuma sa shi a intanet ban da bayanan masu gidaje. Muna roƙon Mai Martaba ya sa Sarkin Magina da hakimai su jagoranci wannan ƙidaya, a fara da cikin Birni da Tudun Wada a kaka mai zuwa, domin wuraren da aka samu suna cikin hatsari su shiga layin buga tubali na Disamba.

Allah ya taimaki Sarki.

Daga wasu magina, masu raka baƙi, malamai da ɗalibai,
Zariya.